Motar Makka ba ta san sanyi ba

Mu mazauna Makka ba mu san gaskiyar lafiyar motocinmu ba, kuma yanayin garin ne ya jawo. Ko a tsakiyar Janairu da wuya asubarmu ta yi ƙasa da digiri 17 ko 18. Injin da yake da rauni wajen tashin sanyi sai ya yi shekaru yana ɓoye rauninsa: ka murɗa makulli, ya kama, ka kama hanya. Sai ranar da motar ta kwana a Ɗa'ifa, ko Abha, ko can Tabuka inda har ƙanƙara take sauka a kan duwatsu, sannan asiri ya tonu.

Kawuna ya tashi daga Shara Mansur ya koma Ɗa'ifa wajen babban ɗansa, don zafin Makka ya fara fin ƙarfin jikinsa. Ya tafi da Camry ɗinsa ƙirar 1999, mai silinda huɗu, injin 5S-FE lita 2.2, irin waɗanda aka shigo da su na hannu daga Amurka. Tsakanin garuruwan biyu bai kai kilomita 100 ba idan ka bi ta hanyar dutsen Hada, amma hawa ne na wajen mita 1,500. Makka tana kwance a kwari, ƙasa da mita 300 daga matakin teku, Ɗa'ifa kuwa tana wajen mita 1,800. Duk lokacin zafi motar ba ta ce uffan ba. Da hunturu ya kankama, asuba ta fara sauka ƙasa da digiri 10, sai ta ɓullo da hali. Kik yana juyawa da ƙarfinsa, injin ya yi kamar zai kama, ya yi tari, ya mutu. Sai an yi ta fama ana ɗan taka totur, kuma ko ya tashi sai an riƙe masa ƙafa, in ba haka ba ya sake mutuwa. Da hantsi ya ɗaga kuwa, bugu ɗaya take tashi kamar ba ita ba.

A nan ne kuɗi suka fara zuba. Kawu yakan lallaɓa ta har ta tashi, ya tuƙa ta zuwa sana'iyya, unguwar kanikawa, kafin ya isa warsha, wato garejin gyara, injin ya ɗau zafi. A sa mata kwamfuta, babu lambar matsala ko ɗaya. A kashe a tayar, a kashe a tayar, lafiya lau. Kamar mai zazzaɓin dare ne da ya je asibiti da azahar, jiki ya yi sanyi, likita ya rasa abin da zai kama. To amma mai warsha ba zai bar mutum ya tafi hannu rabbana ba. Wannan ya ce baturi ne, aka canza. Wancan ya ce fulogi, aka canza. Wani ya ce hassas ɗin salansa ne, wato sensar iskar oksijin, shi ma aka saya. Wani maƙwabci ya ba da shawarar a bar fetur 91 mai kore a koma 95 mai ja. Ba abin da ya sauya.

Biyun ƙarshen nan su ne suka fi ba ni haushi, don tun kafin a biya kuɗin ana iya sanin ba za su yi magani ba. Sensar iskar oksijin da take jikin salansa ba ta fara ba da labari sai ta yi zafin da ya haura digiri 300. A daƙiƙun farko na tashin injin, ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da take sarrafa injin, ba ta ma sauraron ta. Lambar 91 da 95 kuma ma'aunin yadda fetur yake jure matsi ne ba tare da ya fashe kafin lokacinsa ba, ba ruwanta da saurin tashi da safe.

Ni ba bakanike ba ne. Sana'ata gyaran na'urar sanyaya ɗaki da firij, kuma ita ce ta sa na san irin wannan lalurar, don sensar da take auna zafin ruwan injin danginta ɗaya da 'yar sensar da take maƙale a gaban na'urar sanyaya ɗaki. Wani ɗan ƙwaya ne a cikin kwanson tagulla, wanda yake tare wa wutar lantarki hanya sosai idan yana da sanyi, ya sassauta idan ya yi zafi. Ƙwaƙwalwar injin tana aika masa bolt 5, ta duba abin da ya rage, ta fassara shi zuwa digiri. A irin na Toyota, a digiri 20 mita za ta nuna tsakanin kilo'om 2 da 3, a digiri 80 kuma tsakanin 0.2 da 0.4. A ruwan ƙanƙara tana kai wa wajen 5 zuwa 6.

Me ya sa injin ya damu da sanin zafin ruwa kafin ya tashi? Saboda fetur ba ya ci yana ruwa, sai ya zama tururi ya gauraya da iska. Idan ƙarfe yana da sanyi, kaso mai yawa na man da nozul ya feso sai ya lafe a jikin hanyar iska ya zama ɗigo, abin da ya isa cikin silinda bai kai ya kama wuta ba. Dole a ƙara mai sosai a wannan lokacin. Masu tsofaffin motocin kabireto sun san wannan da hannunsu, su ne masu jan cok da safe. Da aka koma nozul da ƙwaƙwalwa, aikin cok ya koma kan wannan 'yar sensa. Idan ta ce akwai sanyi, a buɗe nozul ya daɗe, a ɗaga silo. Idan ta ce injin da ɗuminsa, a ba shi mai kaɗan.

Na ce wa Kawu a waya, “Kawu, kada ku sake sayen komai. Zan hau ranar Alhamis da daddare in kwana, kuma da asuba kada kowa ya taɓa makullin nan.”

Ya ce, “To ɗana, kai da kake gyaran firij?”

Na ce, “Ai ciwon nata ma na sanyi ne, Kawu.”

Mun tafi masallaci a ƙafa, muka dawo gari bai gama wayewa ba, hazo ya rufe layin. Taubashina, ɗan Kawun, ya fito da bargo a kafaɗa yana riƙe mini fitilar waya, yana ta tsiya wai yau za a mayar da motar babansa firiza. Na fara da baturi duk da sabo ne, don sabon baturi da kan da bai ɗauru ba daidai yake da tsoho. Mita ta nuna bolt 12.6, wato cike yake. Wanda ya nuna 12.2 rabinsa ya tafi, wanda kuma ya faɗi ƙasa da 9.6 lokacin da kik yake juyawa ya gama yayi. A ƙasar nan zafi ne yake kashe baturi, sanyi tona shi kawai yake yi, shi ya sa mutane suke ɗora wa hunturu laifin abin da watan Yuli ya ɓata. Amma kunne ma ya isa ya raba gardama: idan kik yana jan jiki da ƙyar, a duba baturi da wayoyinsa da kik ɗin da kaurin baƙin mai. Idan yana juyawa garau injin ya ƙi kamawa, matsalar tana wajen mai, ko wuta, ko iska.

Daga nan na jona 'yar na'urar ELM327 a soket ɗin da yake ƙarƙashin sitiyari. Tun daga ƙirar 1996 dokar Amurka ta tilasta wa motocin da ake sayarwa a can soket ɗin OBD2 mai rami 16, shi ya sa motar Kawu take da shi. Na'urar ba ta da tsada, kuma waya take aika wa bayani. Na murɗa makulli fitilun dashbod suka kawo, ban tayar ba. Ban je wajen lambobin matsala ba, na buɗe inda ake ganin abin da kowace sensa take faɗa a lokacin.

Zafin iskar da take shiga injin: digiri 10. Zafin ruwa: digiri 41.

Motar da ta kwana a waje tun bayan isha'i, ruwanta da iskarta da ƙarfenta duk zafinsu ɗaya ne da na gari. Ko da bambanci, bai kamata ya wuce digiri biyu ko uku ba. Na ɗora hannu a kan tiyon lagireto, sanyi ƙalau har yana cizo. Wato sensar tana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa ana tsakiyar rana ne a Makka, ita kuma tana ba da man da ya dace da hakan. A Makka ƙaryar ba ta da yawa, don tazarar da take tsakanin asubar digiri 25 ko 30 da 41 injin yana iya shanyewa. A Ɗa'ifa tazarar ta haura digiri 30.

Taubashina ya hango wata lamba a wayar, ta sensar matsin iska, tana nuna 82. Ya ce shi ya karanta a intanet 101 ya kamata ta nuna idan injin bai tashi ba, saboda haka ga wata ta mutu. Da a Jidda muke, a bakin teku, da ya yi gaskiya. A tsayin mita 1,800 iska ta fi sauƙi, 81 ko 82 shi ne daidai. Na tabbata an sha canza lafiyayyar sensa a garin nan saboda wannan lambar.

Sauran aikin shi ne a san ƙaryar daga ina take fitowa: sensar, ko waya, ko ƙwaƙwalwa. A wannan injin sensar tana jikin gidan ruwan da tiyon sama na lagireto yake shiga, ta ɓangaren giya, da koren soket mai waya biyu. Kusa da ita akwai wata mai waya ɗaya, wadda aikinta kawai motsa allurar dashbod. A nan mutane da yawa suke ruɗewa. Sai mutum ya ce ai allurar zafi tana aiki daidai, saboda haka sensa lafiya take, alhali allura da ƙwaƙwalwa kowacce da nata ɗan aike. Na zare koren soket, waya ta nuna digiri 40 ƙasa da sifili. Na haɗa ramukan biyu da guntun waya, ta nuna 140. Haka ya kamata, wato wayoyi da ƙwaƙwalwa suna lafiya. Na ɗora mita a kan ƙafafun sensar kanta: kilo'om 1.1. A digiri 10 kusan 3.7 ya kamata a gani. Cikin soket ɗin kuma da danshi da wani koren dafi.

Abin da ya sa kwamfutar warsha ba ta ga komai ba shi ne ƙwaƙwalwa ba ta kama ƙarya sai wadda ba za ta yiwu ba. Idan waya ta tsinke ko ta haɗe, za ta kunna fitilar cek injin ta ajiye lamba P0115. Amma digiri 41 zafi ne mai yiwuwa, ba ta da hujjar ƙaryata shi. Akwai kuma wani abu da ya kamata masu irin wannan mota su sani: idan ƙwaƙwalwar ta tabbatar sensar ta mutu, tana ɗaukar zafin ruwa a matsayin digiri 80 ta ci gaba da aiki. Mota za ta yi tafiya lafiya da rana, mai ita ya saba da fitilar a kunne, har ma ya liƙa mata salatif. Ranar da ta kwana a sanyi sai ta ƙi tashi.

Sensar tana iya yin ƙarya ta ɗaya ɓangaren ma. Idan tsatsa ta ci ƙafafun soket har wuta ba ta wucewa sosai, ƙwaƙwalwa za ta ɗauka ana tsananin sanyi, ta yi ta zuba mai. Alamun wannan daban ne: warin fetur, baƙin hayaƙi, fulogi jiƙe baƙi ƙirin, shan mai ba kai ba gindi, sannan a je fahas, wajen binciken lafiyar mota na hukuma, a faɗi a gwajin hayaƙi. Irin wannan ta fi wahalar tashi idan injin yana da ɗumi.

Juma'a ce, sai bayan la'asar shagunan kayan gyara suka buɗe. Kawu ya so a je tashlih, inda ake kwance matattun motoci, a ciro ta hannu don sauƙi. Ban yarda ba. Ƙofa ko fitila ko madubi, tashlih ya fi ko'ina. Amma sensar da aka ciro daga motar 1999 sa'ar wadda ta mutu ce, ta sha irin ruwan da wannan ta sha. Ta jabu kuma matsalarta ita ce lissafinta ba lallai ya dace da wanda ƙwaƙwalwa ta sani ba. Na tafi da mita a aljihu, na auna sabuwar a kan kanta kafin a biya. Cikin shagon akwai ɗan ɗumi, ta nuna 2.3, na ce a naɗe.

Da soket mai zurfi lamba 19 ake kwance ta, kuma sai injin ya huce sarai, don wanda ya taɓa buɗe hanyar ruwa da zafi ba ya buƙatar a yi masa bayani. Abin da ya zubo daga ramin ba ruwan lagireto ba ne, ruwan famfo ne ja-ja-ja da tsatsa. Ruwan da muke sha a Makka da Ɗa'ifa yawancinsa tataccen ruwan teku ne daga Shu'aiba, yana da kyau a baki, amma ba shi da sinadarin da yake hana ƙarfe ruɓewa. Shekaru ana ɗura shi, ya ci kwanson sensar har ya sami hanyar shiga ciki.

Na shiga kicin da tsohuwar da sabuwar, Inna tana mita wai kayan mota a tukunyar shayinta. A kofin ruwan ƙanƙara sabuwa ta nuna 5.7, tsohuwa ta tsaya a 1.2. A tafasasshen ruwa kuwa, wanda a Ɗa'ifa yake tafasa a wajen digiri 94 saboda tsayin gari, dukkansu suka sauko kusa da 0.2. Da zafi ba ka iya bambanta su. Duk wanda ya gwada tsohuwar nan a warsha da injin mai zafi zai rantse lafiyarta ƙalau, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Washegari da asuba wayar ta nuna iska 9, ruwa 10. Bugu ɗaya injin ya kama. Amma silo bai ɗaga ba, yana ta rawa ƙasa-ƙasa, da aka sa giya sai ya mutu. Lalura biyu ce ashe, ɗaya ta ɓoye a bayan ɗaya. Injin mai sanyi ya kamata ya fara da wajen 1,200 zuwa 1,500 a kan allurar gudun injin, ya riƙa saukowa a hankali har ya zauna a kusan 700. Mai wannan aikin wani bawul ne a ƙarƙashin gidan totur, wanda yake buɗe wa iska ɓarauniyar hanya idan ƙafa ba ta kan totur. Ƙurar ƙasar nan da tururin baƙin mai sukan haɗu su zama kwalta a cikinsa, da sanyi ta daskare ya kasa juyawa, da zafi ta yi laushi ya saki. Wani lokaci yakan ajiye lamba P0505, wani lokaci shiru. Kwance shi aka yi aka wanke da feshin wanke totur har ya riƙa juyawa da ɗan yatsa, aka sa sabon gasket. Kusoshinsa suna da taushin kai, wanda ya sa musu sukudireban da bai zauna daidai ba zai wuni a kansu. Akwai kuma ƙananan tiyon ruwa biyu a jikinsa, a tuna a mayar.

Wata dabara da ake yawan ba mutane ita ce a murɗa makulli a kashe, a murɗa a kashe, kafin a tayar, wai famfon mai ya cika layi. A motoci da yawa tana aiki, kuma idan ta yi aiki alama ce matsin mai yana zurarewa cikin dare. Amma Toyota na wancan zamanin ba su kunna famfon sai kik ya fara juyawa, saboda haka rashin jin ƙararsa idan an murɗa makulli ba ya nufin ya mutu.

Da silo ya daidaita sai na lura yana daɗewa a sama, allurar zafi kuma da ƙyar take tashi daga ƙasa. Na tambayi Kawu ina balf ɗin harara, wato tamostat, mai tare ruwa kada ya je lagireto sai injin ya yi zafi. Ya ce an cire shi tun shekarar da ya sayi motar, ai kowa cirewa yake yi. Gaskiyarsa, kowa cirewa yake yi, a nan da Kano duka. Na kuma fahimci tsoron: idan tamostat ya maƙale a rufe kana cikin cunkoson Aziziyya a watan Agusta, zafin gari ya haura digiri 45, kafin ka ankara gasket ya ƙone. Amma lafiyayyen tamostat ba ya sa mota zafi. Na wannan injin yana fara buɗewa a digiri 82, kuma idan zafi ya ƙaru buɗewa yake yi gaba ɗaya ya bar ruwa ya wuce. Motar da take tafasa da tamostat a jikinta, a duba lagireton da ya toshe, ko fankar da ba ta tashi, ko murfin da ba ya riƙe matsi, ko famfon ruwan da fukafukansa suka cinye. Cire shi ɓoye waɗannan yake yi na ɗan lokaci. A garin sanyi kuma injin sai ya wuni bai kai zafin aikinsa ba: ƙwaƙwalwa ta ci gaba da ƙara mai, ragowar fetur ya riƙa gangarawa cikin baƙin mai yana tsinka shi, wani lokaci har ta ajiye lamba P0125. Hita ma ba za ta hura ɗumi ba, kuma wanda ya taɓa gangarowa Hada cikin hazo gilashi ya yi raɓa ta ciki ya san hita ba kayan ado ba ce.

Mun yi ta ja-in-ja har Inna ta kawo shayi. Abin da ya karya gardamar ba bayanina ba ne, lissafin kuɗin mai ne da ɗansa ya yi masa. Aka wanke hanyar ruwa har ya fito fari, aka sa tamostat mai 82 da ɗan ramin numfashinsa a sama, aka zuba jan ruwan lagireto, aka bar injin yana silo da hita a buɗe har kumfar iska ta daina fitowa. Yanzu allura tana hawa ta tsaya ɗan ƙasa da rabi, ko a hawa ko a gangara.

Kawu dai har yau yana cewa kafin ya sauko Makka da zafi zai sa a cire shi. Na ce masa kafin nan a fara duba lagireton, don robar samansa ta koma ruwan ƙasa, akwai kuma wani siririn tsagu kusa da wuyan tiyo da ya fara fitar da farin gishiri. Shi za a canza kafin watan Mayu.